Allurar Inna da Hannun Yaya Rabi

Sallama gare ku 'yan uwa mata, musamman wadda ke da tsoho ko tsohuwa a ɗaka ana yi musu allurar ciwon suga. Sunana Binta, a Koki nake, gidanmu na gado. Bokona bai wuce firamare ba, in kun ga rubutu ya karkace ku miƙe shi da kanku. Tun da muka dawo daga asibiti mutane ke shigowa yi mana barka da arziki, kowa ya zauna sai ya ce yaya aka yi. Na faɗa na faɗa har na daina jin abin da bakina yake faɗa. Shi ya sa na ce bari in rubuta sau ɗaya, wadda ta tambaya in tura mata.

Innarmu ce ba lafiya. Mu uku ne muka rayu cikin waɗanda ta haifa. Yaya Rabi ce ta fari, tana Ƙofar Nassarawa wurin 'ya'yanta tun da mijinta ya rasu. Sai ni. Sai autanmu Nasiru, malamin makaranta ne. Ni ma da maigidana ya rasu gida na dawo, ƙofar ɗakina tana kallon ta Inna. Ba ni da ƙafar yawo, in ba dole ba ko zaure ba na leƙawa. Ni da Inna muke wuni muna surutu, ta ɗauko labarin mutanen da suka mutu tun ban zo duniya ba, in ɗauko na maƙwabta, har abinci ya kama a tukunya ba mu sani ba.

Wanda ya san Inna ya san mace ce mai jiki, mai baki, ga son zaƙi. Tun da aka hana ta sukari take ɓoye alewa a bakin zani. In na kama ta sai ta ce, "Ta jikoki ce, ajiya aka ba ni." Sai abu ɗaya da ya kamata ku sani tun yanzu: Inna mutuniyar da ce, tun da nake ban taɓa jin ta kama sunan Yaya Rabi ba, saboda kunyar 'yar fari. "Babbarku" take cewa, ko "waccan ta Ƙofar Nassarawa". In Yaya ta zo ta durƙusa ta gaishe ta, Inna bango take kallo ta amsa. Ni da Nasiru kuwa har cinyarta muke hawa da girmanmu.

Sugan Inna ya daɗe. Da ƙwaya aka fara, aka koma allurar insulin, wadda ake zuƙowa daga 'yar kwalba da sirinji, safe da yamma. Yaya Rabi ce ta koya mini, don ita ta yi jinyar mijinta da wannan ciwon shekara da shekaru, duk danginmu in ana maganar allurar suga ita ake kira. Hannunta ba ya rawa. Ni na ci gaba da yi wa Inna har cikinta ya yi gudaji-gudaji saboda yawan suka, suga kuma ya ƙi sauka. Fitsari ba dama, ƙishirwa ba dama.

Ranar ganin likita Nasiru ne ke kai ta. Haka muka saba, ba wanda ya taɓa zama ya tsara. Shi namiji ne, shi ya ji Turanci, shi ya san inda ake yankar kati. Ni ina gida ina dafa abin da za ta ci in ta dawo. Suna fita da sassafe, ba sa dawowa sai bayan azahar, Inna ta shigo tana tsine wa benci.

Wata ranar asibiti suka dawo da wani abu kamar babban biro. Inna ta zube a tabarma ta ce, "An canza mini allura. Ni dai ban ga komai ba, ƙafata ta ƙi, aka bar ni a benci, wannan ya shiga wurin nas ya daɗe."

A tsaye Nasiru ya koya mini, a tsakar gida, makullin babur a hannunsa don ɗalibai suna jiransa a aji.

"Yaya Binta kin ga nan? Ki ɗaura sabon tsinke a baki. Ki murɗa gindin har sittin ta fito a 'yar tagar nan. Ki soka, ki danna, ki ɗan jira kafin ki zare. Sau ɗaya a rana, da safe. Nas ɗin ta ce wannan mai ƙarfi ne."

Na ce, "Mai ƙarfi kamar yaya?"

Ya ce, "Mai ƙarfi dai. Na zamani."

Inna ta ce, "Kai da aka koya wa, zo ka yi mana mu gani."

Ya yi dariya ya nufi zaure. Nasiru bai taɓa yi wa Inna allura ba, ba kuma zai taɓa ba. Da ta kama gefen riga za ta ɗaga yake barin ɗakin. Wane ɗa namiji ne zai tsaya kallon cikin uwarsa? To kun ji yadda abin yake a gidanmu. Wanda aka zaunar aka koya wa ba ya taɓa ta, mai taɓa ta kuma ba ta taɓa ganin fuskar nas ɗin ba.

Makonnin farko sai godiya. Suka ɗaya maimakon biyu, tsinken siriri kamar gashi, Inna ta ce ko cizon sauro ya fi shi zafi. Fitsari ya ragu. Nasiru yana zuwa ƙarshen mako da na'urar gwaji ya ɗiga jininta, ya ce suga yana sauka, ya mayar da na'urar aljihu ya tafi da ita, don yana gwada surukinsa ma da ita. Tsadar biron kuwa ba ya faɗa, amma duk ranar da ya sayo sabo sai in ga ya zauna a zaure ya daɗe kafin ya shigo. Masu shawara ba su fasa ba. Wannan ta aiko da garahuni, waccan ta ce a jiƙa ɗanyar kuɓewa a sha ruwan. Maƙwabciyarmu Hajiya Talatu, wadda katanga ce kawai tsakaninmu, ta juya biron a hannu ta ce, "Ikon Allah, yanzu har ciwo ma da biro ake rubuta masa takardar sallama." Tsofaffin sirinjin da suka rage, sababbi a ledarsu, na zuba a gwangwanin madara na ɗora a kan kwaba. Gidanmu ba a zubar da abin da aka saya da kuɗi.

Ana haka 'yata Ummi ta haihu a Gwale. Haihuwa ta uku ce, ba ta zo gida wanka ba, kuma ta sha wuya, aka ce lallai in je in kwana biyu har a yi suna. Na kira Yaya Rabi ta zo ta zauna da Inna.

Da ta zo na ɗauko biron zan nuna mata. Ta dube ni sama da ƙasa.

"Binta, ni za ki koya wa allura? Ke wa ya koya miki?"

"Yaya, wannan daban ne, murɗawa ake yi."

"Nawa ake yi mata?"

"Sittin."

"To shi ke nan. Ɗauki mayafinki."

Na murɗa dai sau ɗaya a gabanta da sauri, tana ninke kayan Inna tana kallo da gefen ido. Inna ta ce, "Ke tafi mana, kin tsaya sallama kamar mai tafiya Makka. Gwale ce fa." Na tafi.

Abin da ya faru bayan fitata, daga bakin Yaya da Hajiya Talatu na ji shi, daga baya.

Da safe Yaya ta ɗauko biron ta murɗa, ta danna a iska don ta ga yadda yake fita. Ta ce abin da ya fito ko bayan cokalin shayi ba zai jiƙa ba. Ita kuwa ta san sittin, ta san tsawon ruwan da sittin take yi a sirinji, shekaru tana ganinsa da idonta. Ta ce a ranta, ashe yaran nan ƙwauron magani suke yi wa tsohuwa ba su sani ba, ko kuma biron ya lalace. Ga shi abu a rufe, ba ka ganin shigarsa jiki. Ta ɗaga kai ta ga gwangwanin madara. Ta ɗauko sirinji sabo, ta soka a robar bakin biron, ta ja ruwan a hankali har layin sittin, ta ƙyasta ta fitar da iska yadda ta saba. Ta yi bisimilla ta yi wa Inna.

Wajen la'asar Inna ta fara karkarwa, zufa tana keto mata. Ta ce, "Yunwa nake ji kamar an yashe ni. A ba ni ko dabino ne."

Yaya ta ce, "Wato don Binta ba ta nan."

"Ke dai ba ni."

"Ba dabino a gidan nan, Inna. Ga tuwon alkama."

Ta cinye ta nemi ƙari, jikin ya lafa. Kada ku ga laifin Yaya a nan. Shekara nawa muna gadin bakin Inna, duk wanda ya shigo gidan an ja masa kunne kada ya ba ta zaƙi ko ta yi kuka. Mu tsoron da muka sani ɗaya ne, kada suga ya hau. Ba wanda ya taɓa zaunar da mu ya ce yana faɗuwa, kuma faɗuwar ta fi saurin kisa.

Da magariba na kira waya. Inna ta karɓa ta ce, "Babbarku ta hana ni dabino. Ashe ke mai imani ce, wannan ta fi ki mugunta." Na ji dariyar Yaya a gefe. Na ce saura kwana ɗaya ki huta da ita. Ta ce, "Ki cika mini kwano da wainar suna, kada ki bari 'yan Gwale su cinye." Wannan ce magana ta ƙarshe da Inna ta yi mini da muryarta ta da.

Washegari ranar suna Yaya ta sake yi mata kamar jiya, sirinji, layin sittin. Inna ta kurɓi koko kaɗan ta ture, ta ce tana ajiye ciki don waina. Ta yi azahar a zaune ta kwanta. Can ta fara munshari. Yaya ta ji daɗi Inna ta samu barci, ba wuta, ta zauna tana yi mata fifita don ta ga zufa ta jiƙa matashin. Abincin suna ya iso, ta taɓa ta ba ta motsa ba, ta ce bari ta huta, ta rufe kwanon. Sai da aka kira la'asar. Inna ko zazzaɓi take yi, kiran salla yake tashinta, ita ke buga wa kowa ƙofa. Ba ta tashi ba.

Ina tsakiyar mata ana ta guɗa, jaririya a cinyata, waya ta yi ƙara. Yaya ta ce, "Binta, Inna ta ƙi tashi salla." Haka kawai ta ce. Na miƙa wa ta kusa da ni jaririyar, ban san ko wace ce ba.

Adaidaita sahu ba ya shiga lungunmu, daga bakin titi da ƙafa na ƙarasa. Na tarar da Hajiya Talatu tana tofa mata addu'a, wata tana cewa shanyewar ɓarin jiki ne, wata tana cewa a kawo hayaƙi. Na taɓa Inna. Jikinta sanyi ƙalau kuma sharkaf, haƙora a datse, ido rabi a buɗe ba ya kallon kowa. Na kira ta, na kira ta da sunan da nake tsokanarta da shi, ba komai. Nasiru ya shigo da gudu ya ɗiga jininta. Na'urar ba ta nuna lamba ba, wasu haruffa biyu ta nuna. Ya ce, "Ƙasa ya yi. Ba sama ba ne, ƙasa ya yi." Muka tsaya muna kallonsa kamar ya yi wani yare.

Hajiya Talatu ta ruga ta damo sukari a kofi za ta ɗura mata. Nasiru ya riƙe hannunta, ya ce wanda ba ya cikin hayyacinsa ba a zuba masa abu a baki, huhu zai tafi. Wannan ma ashe an faɗa masa. Maza suka shigo aka ɗauke ta a kan katifarta har titi. Na ga ƙafarta tana reto, na ga lallen da na sa mata ya fara gogewa, na ce a raina ya kamata in sake mata. Abin da na yi tunani ke nan. Ban yi kuka ba a ranar, har yau kuma bai zo ba.

Asibitin ba zan kama suna ba. Zan faɗi alheri in faɗi akasinsa. Wata likita yarinya, ba ta fi Ummi ba, ba ta jira kati ba, ba ta jira komai ba, ta nemi jijiya ta tura wa Inna ruwan sukari tana kan gadon turawa. Allah ya yi mata albarka ita da iyayenta. Amma gado babu, a baranda muka fara zama. Kowane abu sai an rubuto an ce je ka sayo, Nasiru ya yi ta safa da marwa tsakanin ɗakin da kemis har takalminsa ya tsinke. Banɗakin masu jinya kuwa ba zan ɓata muku rai da shi ba.

Inna ta buɗe ido. Muka yi hamdala, har Hajiya Talatu ta fara naɗe tabarma. Likitar ta ce ba inda za mu. Kafin a jima suga ya sake faɗuwa, aka sake turawa, ya tashi, ya sake faɗuwa. Aka ɗaura ƙarin ruwa, leda tana ƙarewa ana sa wata. Likitar ta tara mu ta ce, "Nawa ake yi mata?"

Mu uku muka haɗa baki, "Sittin."

"Yau ma sittin?"

Yaya ta ce, "Da hannuna na yi. Jiya ma haka. Ban ƙara ba ban rage ba."

Likitar ta juya wajen Yaya. Sai ta ce, "Mama, nuna mini yadda kika yi."

Yaya ta buɗe jaka. Ta taho da biron, ta taho da sirinjin ma a naɗe a leda, don ba ta jefar da allura inda yara za su taka. Ta ɗora su biyun a tafin hannunta.

Maganar likitar ta zauna mini kamar karatun allo. Ta ce, "Ruwan da ke cikin wannan biron an kaurara shi, ƙarfinsa ninki uku ne na wanda kuka saba. Shi ya sa kike ganinsa ɗan kaɗan. Layukan jikin sirinjin nan don ruwan kwalba aka yi su. Kin ja zuwa sittin, amma abin da ya shiga jikinta sittin sau uku ne. Biron shi yake auna kansa. Ba a zuƙo shi da sirinji, ko ya lalace, ko tsinke ya ƙare, ko mene ne. Kuma irin wannan ya fi yini guda yana aiki, na jiya bai gama ba kika ɗora na yau."

Ba ta ɗaga murya ba. Ta ma dafa kafaɗar Yaya.

Nasiru ya jingina da bango ya ce, "An gaya mini. Nas ɗin ta faɗa, har sau biyu. Na ɗauka ba sai na faɗa ba, tun da ga biro wa zai koma sirinji."

Yaya ta mayar da kayan jaka, ta zuge, ta fita baranda ta zauna a ƙasa ta miƙe ƙafa. Na bi ta na zauna. Wani mai sayar da ruwan leda ya wuce, ta saya ta riƙe ba ta sha ba. Na lura takalman ƙafarta ba iri ɗaya ba ne, ɗaya nata ɗaya na Inna.

Satin farko suga ya daidaita, aka samu gado a ɗakin mata. Inna tana buɗe ido, tana haɗiya in an ba ta a cokali, amma ba magana. Sati na biyu ta fara zama in an jingina ta. Wani babban likita ya zo zagaye ya ce ƙwaƙwalwa abincinta sukari ne, ta Inna ta daɗe da yunwa a wannan barcin, wani abin zai dawo, wani ba zai dawo ba, ba mai iya cewa wanne. Na ce to. Duk abin da aka faɗa mini a kwanakin nan, to nake cewa.

Dangi suka yi ta zuwa da kwanuka. Masu cewa ƙaddara ce sun fi yawa, kuma gaskiya suka faɗa. Akwai masu cewa asibiti ne da laifi da suka ba tsohuwa magani mai ƙarfi haka. Akwai waɗanda in Yaya ta tashi ɗebo ruwa sai murya ta yi ƙasa, in ta dawo a koma gaisuwa. Tana ji. Ita ke wanke zannuwan Inna, ita ke zubar da fo, amma ba ta yarda ta zauna inda Inna za ta gan ta.

Ana gobe sallama wata nas babba, Sista ake ce mata, ta ce wa Nasiru ya tara mata duk wanda zai iya yi wa Inna allura ko da sau ɗaya ne a shekara. Nasiru ya ce ai shi yana nan, zai isar. Ta ce, "Malam, ba mai jin Turanci nake nema ba. Mai ɗaga rigar Mama nake nema." Aka kira ni, aka kira matar Nasiru, har Hajiya Talatu ta ce a sa da ita tun da katanga ce tsakani. Yaya ta ƙi shiga. Ta ce, "Hannuna ya gama allura."

Sista ta ajiye guntun soso a tebur, ta ba kowa biron gwaji. Ba ta yarda da gyaɗa kai ba, sai kin yi da hannunki tana kallo, in kin kuskure ki sake. Sabon tsinke kullum. A fara fitar da ɗan ɗigo a ga yana fita. A duba lambar da ke taga da ido, a faɗe ta da baki. Ta sa kowa ta maimaita cewa ƙanƙantar ruwan ba ƙwauro ba ne. Ta ce in mun koma gida mu kwashe duk wani tsohon sirinji mu kawo mata, kada ya kwana ɗaki ɗaya da biron. Na'urar gwaji kuma inda mara lafiya take kwana nan take kwana, ba a aljihun kowa ba. Ta ce karkarwa, zufa mai sanyi, yunwar gaggawa, magana ba kan gado, barcin da ba a saba ba, duk a gwada nan take. In tana farke tana haɗiya a ba ta ruwan sukari ko dabino, a bi da abinci. In ba ta farka ba, ba komai a baki, sai asibiti. In aka yi kuskuren yawa, ko ta farka tana dariya a kawo ta. Hajiya Talatu ta ce, "Yau ni na ga duniya, asibiti da kansu suna cewa a ajiye wa mai suga sukari." Sista ta ce, "A kusa da kanta ma, Hajiya."

Duk wannan bai kai tsawon dafa shinkafa ba. Shi nake ta juyawa a raina. Ba wai ina jin haushi ba ne, ba na jin komai, juyawa kawai nake.

Muka dawo gida. An rage mata yawan allurar tun da cin nata ya ragu. Inna tana zama a ƙofar ɗaki inda na ajiye ta, tana kallon tsakar gida. Ina ba ta labarin maƙwabta kamar da, in kai inda ya kamata ta ce "ke Binta ji tsoron Allah", sai in ji shiru, in ci gaba. Ga dabino a kwano kusa da ita, ba ta taɓawa. Na kwance bakin zaninta da zan wanke na samu alewa guda biyu sun narke sun manne.

Sai wata sabuwa ta ɓullo. Ta ƙi yarda in yi mata allura. Da ta ga biro a hannuna sai ta damƙe riga da hannu biyu ta juya bango. In lallaɓa, in yi waƙa, in kira matar Nasiru ta riƙe ta, kullum da safe sai mun yi kokawa, ni da uwata. Yaya tana zuwa kowace safiya daga Ƙofar Nassarawa, ta yi shara ta yi wanki, amma iyakarta bakin ƙofa.

Wata safiya ina durƙushe da biro, Inna ta damƙe riga, sai na ga ba bango take kallo ba. Ta bayan kafaɗata take kallo, inda Yaya ke tsaye da tsintsiya. Bakinta ya yi motsi ya yi motsi. Ta ce, "Rabi."

Yaya ta waiga bayanta, kamar akwai wata Rabin a tsakar gida.

Inna ta ce, "Rabi. Zo."

Ta jingine tsintsiyar. Ta cire takalmi ta shigo ta durƙusa. Inna ta dube ta ido cikin ido, abin da ban taɓa gani ba, ta saki rigar ta ɗaga da kanta. Yaya ta kalli biron da ke hannuna. Ta ce, "Binta, yi mata, ina riƙe da ita. Ranar asibiti ku tafi da ni."

Ta je. Ta zauna gaban Sista da guntun soso, mace mai jikoki, aka ce sake ta sake, aka ce faɗi lambar ta faɗa. Yanzu ita ke yi. Ta murɗa, ta miƙo mini in duba taga in faɗa da ƙarfi, ta maimaita, sannan ta soka. Gwangwanin madara na kai wa Sista da abin da ke ciki.

To 'yan uwa, abin da ya sa na rubuta ke nan. In an canza wa naku allura, wadda za ta riƙa yi ita za ta shiga wurin nas, ko ba ta san bihim ba da Turanci, ko sai an bar tukunya a wuta. Wadda za ta karɓe ta ranar biki ko ranar rashin lafiya ita ma ta je, ko ta girme ku, ko ita ta koya muku. Ku tambaya mai ƙarfi kamar yaya, kada ku tashi sai an ba ku amsa. Allah ya ba marasa lafiyarku da tamu sauƙi, ya sa wahalar ta zama kankarar zunubi, ya saka wa waɗanda suka ɗauki katifar Inna a kafaɗa da alheri.

Likita ya ce kiran sunan alama ce mai kyau, magana ta fara dawowa. Masu shigowa suna cewa barka. Ni dai na san Inna da hankalinta ko wuƙa aka sa mata ba za ta kama sunan nan ba. Yaya ma ta sani. Ba mu taɓa zancen ba. Har yau kalmomin Inna ba su wuce a ƙirga da yatsu ba, sunana ba ya ciki. Tana zaune yanzu haka a ƙofar ɗaki ina wannan rubutun, ta kira sunan Yaya ya fi a ƙirga tun safe, ba don tana son komai ba. Kowane kira kuma Yaya sai ta ajiye abin da ke hannunta ta ce, "Na'am, Inna."